Hurumin shari'a a kan baƙi a ƙasashen da Turawa suka yi wa kariya

A zamanin mulkin mallaka, dokar Turawa ta kasa ƙasashen da suka mamaye gida biyu. Akwai waɗanda suka mallake kai tsaye, kamar Legas da Birtaniya ta karɓe a shekarar 1861, akwai kuma waɗanda aka ce an sa su ne ƙarƙashin kariya, kamar Arewacin Nijeriya da Zanzibar da Bahrain da Tunisiya da Maroko.

A rubuce, ƙasar da ke ƙarƙashin kariya tana nan da sarkinta da alƙalanta da dokokinta. Abin da ta miƙa wa Turawa shi ne harkokinta na waje, su kuma suka yi alkawarin kare ta daga maƙiya.

Sai dai wannan tsari ya haifar da wata tambaya da ta daɗe tana ci wa lauyoyin gwamnati tuwo a ƙwarya. Idan baƙo, wato wanda ba talakan sarkin ƙasar ba ne, ya yi laifi ko ya ci bashi ya ƙi biya, wace kotu ce ke da hurumin yi masa shari'a?

Amsar da aka riƙa bayarwa ta sauya sau da dama tsakanin 1880 da 1971, kuma a wurare da yawa ta wannan ƙofa ce ikon Turawa ya kutsa har cikin harkokin cikin gida na sarakunan da aka ce ana karewa.

Asalin al'amarin

Tun kafin mulkin mallaka, Daular Usmaniyya ta Turkiyya kan bai wa 'yan kasuwar Turai damar kai ƙararsu gaban ƙaramin jakadan ƙasarsu maimakon alƙalin gari. Faransa ta samu irin wannan gata a ƙarni na 16, Ingila kuma ta samu nata a 1580.

A wancan lokaci ba a ɗauki abin a matsayin rauni ba. An saba cewa doka tana bin mutum ne da addininsa da jama'arsa, kuma Kiristoci da Yahudawan daular ma suna da nasu shugabannin da ke raba musu gardama a kan aure da gado.

Da ƙarfin Turai ya ƙaru a ƙarni na 19, sai gatan ya rikiɗe ya zama tilas. An ƙaƙaba irinsa a kan China bayan 1842, da Japan a 1858.

A shekarar 1843 majalisar dokokin Birtaniya ta zartar da dokar hurumin shari'a a ƙasashen waje, wadda ta ba Sarauniya damar amfani da duk wani iko da ta samu a wata ƙasa ta hanyar yarjejeniya ko kyauta ko al'ada, tamkar dai ta ci ƙasar da yaƙi. An sake tattara dokar aka sabunta ta a 1890.

A ƙarƙashin wannan doka, gwamnati na iya kafa kotu a wata ƙasa ta hanyar wani umarni da majalisar mashawartan Sarauniya ke fitarwa, ba tare da an koma gaban 'yan majalisar dokoki ba. Kusan dukkan kotunan Birtaniya a ƙasashen kariya da irin wannan umarni aka kafa su.

Matsayin London da farko

Har zuwa ƙarshen shekarun 1880, masu ba gwamnatin Birtaniya shawara kan shari'a sun tsaya a kan cewa ƙasar kariya ƙasar waje ce. Don haka jami'in Birtaniya na iya hukunta talakawan Sarauniya da ke can, amma ba shi da iko a kan Bajamushe ko Bafaranshe, sai fa idan gwamnatinsu ta yarda.

Akwai dalilin kuɗi a cikin wannan ra'ayi. Kariya hanya ce mai araha ta hana wata ƙasar Turai shiga yanki, ba tare da ɗaukar nauyin 'yan sanda da alƙalai da gidajen yari ba.

A taron Berlin na 1884 zuwa 1885, Jamus da Faransa sun nemi a ɗora wa duk ƙasar da ta yi iƙirarin wani yanki a gaɓar Afirka nauyin kafa hukumar da za ta tabbatar da doka da oda. Birtaniya, bisa shawarar babban jami'inta na shari'a Lord Selborne, ta dage cewa wannan sharaɗi ya tsaya a kan yankunan da aka mallake, kada ya shafi na kariya. Haka kuwa aka yi.

Jamus ba ta damu da wannan bambanci ba. Dokarta ta 1886 ta ba Sarkin Jamus cikakken iko a yankunan kariyarta, irin su Kamaru da Togo, kuma jami'anta ba su ga wani abin da zai hana su hukunta Baturen wata ƙasa a can ba.

Birtaniya ta ga illar matsayinta a tekun Pasifik. Hukumar da ta kafa a can a 1877 tana da iko ne kawai a kan talakawan Sarauniya, saboda haka ɗan wata ƙasa da ke safarar leburori ko sayar da bindigogi yana iya yin abin da ya ga dama. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa kudu maso gabashin New Guinea, wanda aka sa ƙarƙashin kariya a 1884, aka mallake shi baki ɗaya a 1888.

Rikicin ƙasar Nufe

A kogin Kwara ma matsalar ta taso. Birtaniya ta ayyana kariya a kan yankunan kogin a 1885, kuma a 1886 ta bai wa kamfanin Royal Niger na George Goldie izinin gudanar da mulki da karɓar kuɗin fito.

A 1887 wani ɗan kasuwa Bajamushe mai suna Jacob Hoenigsberg ya shiga ƙasar Nufe da hajarsa, yana mai cewa Etsu Nupe sarki ne mai cin gashin kansa, kuma kamfanin ba shi da hurumi a ƙasarsa.

Kamfanin ya ƙwace kayansa, daga bisani ya kama shi, ya gurfanar da shi gaban kotunsa da ke Asaba a 1888, aka kuma kore shi daga yankin.

Gwamnatin Jamus ta nuna rashin amincewa, ta nemi a biya shi diyya, ta kuma tura jami'inta ya binciki lamarin. Birtaniya ita ma ta tura Manjo Claude MacDonald a 1889 domin ya duba yadda kamfanin ke tafiyar da al'amura.

Abin da ya sa batun ya yi nauyi shi ne, kamfanin ya yi wa baƙo shari'a a daidai lokacin da lauyoyin gwamnatinsa ke cewa ita kanta Sarauniya ba ta da wannan iko a ƙasar kariya.

Yadda ra'ayi ya sauya

Umarnin da aka fitar game da Afirka a 1889 ya bi tsohon ra'ayi. Ya ba ƙananan jakadun Birtaniya hurumi a kan talakawan Sarauniya, da kuma baƙin da su ko gwamnatocinsu suka amince.

Amma yarjejeniyar Brussels ta 1890 ta ɗora wa ƙasashen Turai nauyin hana cinikin bayi da kuma taƙaita shigar da bindigogi da barasa a yankunansu, har da na kariya. Ba yadda za a yi a cika wannan alkawari idan ba a iya kama baƙon da ya karya doka.

A 1891 wani babban jami'in ma'aikatar kula da ƙasashen mulkin mallaka, John Bramston, ya rubuta takardar da ta ce ƙasar da ta ɗauki nauyin kariya dole ta samu ikon da zai ba ta damar sauke nauyin. A watan Mayun wannan shekara aka fitar da umarni a kan Bechuanaland, wato Botswana ta yanzu, inda Turawa 'yan asalin Holland da masu neman zinariya ke kwarara, aka ba wakilin Birtaniya ikon kafa kotuna da yin dokoki.

A 1892 aka faɗaɗa umarnin Afirka ya shafi 'yan ƙasashen da suka sa hannu a yarjejeniyar Berlin, bisa hujjar cewa sa hannun nasu amincewa ce. Zuwa 1895 lauyoyin gwamnati sun amince cewa kariya ita kaɗai ta isa ta ba Birtaniya duk hurumin da take buƙata a kan kowa da ke yankin.

Daga nan bambancin ƙasar kariya da wadda aka mallake ya ragu ƙwarai a aikace, ko da yake ya ci gaba da wanzuwa a doka. An ga haka a 1910, lokacin da Sekgoma, sarkin Batawana da aka tuɓe aka tsare a Bechuanaland ba tare da shari'a ba, ya kai ƙara London. Kotun ɗaukaka ƙara ta ƙi ba da umarnin sakinsa, ta ce dokar da wakilin Birtaniya ya yi domin tsare shi halastacciya ce.

Arewacin Nijeriya

Lokacin da aka ayyana Arewacin Nijeriya a matsayin ƙasar kariya ranar 1 ga Janairun 1900, an riga an gama wannan muhawara. Umarnin da ya naɗa Frederick Lugard ya ba shi ikon yin doka a kan kowa, tun kafin sojojinsa su ci Kano da Sakkwato a 1903.

Lugard ya kafa kotuna iri huɗu. Akwai kotun ƙoli, da kotunan lardi waɗanda Razdan ke shugabanta, da kotunan bariki a wurare irin su Lokoja da Zungeru, sai kuma kotunan alƙalai da na sarakuna. Daga sunan jojin bariki a Turance ne Hausa ta samo kalmar kantoma.

An bar wa alƙalai shari'ar talakawan sarki bisa mazhabar Malikiyya, tare da hana wasu hukunce-hukunce kamar yanke hannu. Amma an cire Turawa da sauran waɗanda ba 'yan ƙasa ba daga huruminsu, haka ma mazauna bariki.

Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, akawuna da 'yan kasuwa daga Kudu da Saliyo da Gold Coast suka yawaita. Wasunsu, kamar 'yan Legas da Freetown, talakawan Sarkin Ingila ne a doka, alhali Bakano mutum ne da ke ƙarƙashin kariya kawai.

An ware musu Sabon Gari a wajen ganuwa, a ƙarƙashin jojin Bature, kuma sai a 1940 aka mayar da unguwar hannun hukumar En'e ta Kano. Rabuwar birni da Sabon Gari da ake gani a Kano da Zariya tana da tushe a wannan rabon hurumin shari'a.

Bahrain: wane ne baƙo?

Babu inda wannan batu ya yi tasiri a siyasa kamar masarautun yankin Gulf. A can Birtaniya ba ta taɓa iƙirarin mulkin cikin gida ba. Yarjejeniyoyin da ta ƙulla da Bahrain a 1880 da 1892 sun hana sarki hulɗa da wata ƙasar waje ne kawai sai da izininta.

Tun a yarjejeniyar 1861 aka amince wakilin Birtaniya ya riƙa sa hannu a shari'ar talakawanta, waɗanda galibinsu 'yan kasuwar Indiya ne masu sayen lu'ulu'u. Amma birnin Manama cike yake da wasu baƙin, Farisawa da mutanen Najad da na Basra da masu nutso neman lu'ulu'u daga ko'ina a yankin.

A 1904 yaran Sheikh Ali bin Ahmad, ɗan ɗan'uwan sarki, suka doki wani ma'aikacin kamfanin Jamus na Wonckhaus, bayan 'yan makonni kuma suka far wa wasu Farisawa. Sarki Isa bin Ali Al Khalifa ya ce alƙalansa ne za su yi shari'ar.

Birtaniya ta ƙi. Tana tsoron idan ba ta kare Bajamushe da Farisawa ba, Jamus da Farisa za su samu hujjar shigowa da kansu. A watan Fabrairun 1905 Razdan Percy Cox ya zo da jiragen yaƙi ya ba sarki wa'adi, daga ƙarshe aka kori Sheikh Ali daga tsibirin.

A 1909 Sarki Isa ya rubuta wasiƙar da ta miƙa wa Birtaniya shari'ar baƙi. An tsara umarnin Bahrain a 1913, amma saboda Yaƙin Duniya na Ɗaya bai fara aiki ba sai 1919.

Umarnin ya kafa kotun wakilin Birtaniya, wadda ke aiki da dokokin Indiya, da kotun haɗin gwiwa inda wakilin da wani ɗan sarauta ke zama tare idan ƙara ta haɗa baƙo da ɗan ƙasa. Ya kuma shigo da majalisar 'yan kasuwa da kotun masu sana'ar lu'ulu'u cikin tsarin.

Nan take gardama ta ɓarke a kan ma'anar kalmar baƙo. Sarki Isa ya ce shi bai nufi talakawan sarakunan Larabawa maƙwabta ba, domin a al'ada duk Balaraben da ya sauka a ƙasarsa yana ƙarƙashinsa. A 1920 Birtaniya ta yanke cewa duk wanda ba ɗan Bahrain ba ne, har da mutanen Ibn Saud, yana ƙarƙashin kariyarta.

Wannan ya raba mazauna Manama tsakanin hukumomi biyu, ya kuma rage wa sarki kwarjini da kuɗin shiga. Bayan wata tarzoma tsakanin Farisawa da mutanen Najad a watan Mayun 1923, Birtaniya ta tilasta wa Sarki Isa ya miƙa mulki ga ɗansa Hamad. A 1926 aka ɗauko Charles Belgrave a matsayin mashawarcin gwamnati, ya kuma zauna har 1957.

Da aka gano man fetur a Bahrain a 1932, ma'aikatan Amurka da suka zo aikin haƙo shi su ma sun faɗa ƙarƙashin kotun Birtaniya.

An yi wa Kuwait irin wannan umarni a 1925, sai dai sarkinta ya riƙe hurumi a kan baƙi Musulmi da ba talakawan Birtaniya ba. Daga baya aka yi wa Katar, sannan masarautun da suka zama Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa a 1946. Ana ɗaukaka ƙara zuwa babbar kotun Razdan na yankin, a ƙarshe kuma zuwa London.

Hanyar Faransa

A Arewacin Afirka Faransa ta tarar da akasin wannan matsala. Kafin ta zo, ƙasashen Turai da dama sun riga sun mallaki kotunan jakadanci, don haka aikinta shi ne ta lallashe su su rufe.

Bayan yarjejeniyar Bardo ta 1881 da ta sa Tunisiya ƙarƙashin kariyarta, Faransa ta ga cewa Italiyawa sun fi Faransawa yawa a ƙasar, ga kuma dubban 'yan Malta da ke ƙarƙashin jakadan Birtaniya. A 1883 ta kafa kotunanta, ta kuma nemi sauran ƙasashe su miƙa mata mutanensu. Birtaniya ta rufe kotunta daga farkon 1884, Italiya kuma ta amince ta dakatar da tata a wannan shekara.

A Maroko abin ya fi sarƙaƙiya, domin jakadu sun saba bai wa dillalai da tafintocinsu 'yan ƙasa takardar kariya, wadda ke fitar da su daga hannun alƙalin Sarki da masu karɓar haraji. An yi taro a Madrid a 1880 domin taƙaita wannan al'ada, amma ba ta gushe ba.

Faransa ta samu kariya a kan Maroko a 1912, ta kafa kotunanta a 1913. Yawancin ƙasashe sun haƙura da gatansu, Birtaniya ta bi sahu a 1937, amma Amurka ta ƙi, tana kafa hujja da yarjejeniyar da ta ƙulla da Sarkin Maroko a 1836.

Taƙaddamar ta kai gaban Kotun Duniya da ke Hague. A watan Agustan 1952 kotun ta yanke cewa Maroko ba ta rasa matsayinta na ƙasa ba duk da kariyar Faransa, kuma jakadan Amurka na da hurumi a kan ƙararrakin da ke tsakanin Amurkawa, amma ba shi da faɗin hurumin da Amurka ke nema. Amurka ta yi watsi da gatan a 1956, shekarar da Maroko ta samu 'yanci.

Ƙarshen tsarin

Masu kare wannan tsari a lokacinsa sun ce shi ne ya ba 'yan kasuwa ƙwarin gwiwar zuba dukiya, kuma a yankin Gulf bayi da dama sun samu takardar 'yanci daga ofishin wakilin Birtaniya. Masu suka kuwa sun ce ya mayar da ɗan ƙasa ƙasa da baƙo a garinsu, kuma sau da yawa jami'in da ke zaman alƙali shi ne ke kula da muradun siyasar ƙasarsa.

Turkiyya ta kawar da gatan baƙi a yarjejeniyar Lausanne ta 1923. Masar, wadda ta kasance ƙarƙashin kariyar Birtaniya daga 1914 zuwa 1922, ta cimma yarjejeniyar Montreux a 1937, aka rufe kotunanta na haɗin gambiza a 1949.

A Nijeriya an soke kotunan lardi a 1933, matsayin ƙasar kariya kuma ya ƙare da samun 'yanci ranar 1 ga Oktoban 1960.

A yankin Gulf, Birtaniya ta gindaya sharaɗin cewa sai an samar da rubutattun dokoki da ƙwararrun alƙalai kafin ta mayar da hurumin. Kuwait ta ɗauko masanin shari'a na Masar, Abdurrazak al-Sanhuri, ya tsara mata dokoki, ta kuma karɓi cikakken hurumi a kan baƙi a 1961, 'yan watanni kafin samun 'yancinta a watan Yuni.

Bahrain da Katar da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa sun biyo baya a 1971, lokacin da Birtaniya ta janye daga yankin ta kuma kawo ƙarshen yarjejeniyoyin kariya.